Tsirrai Masu Rumbun Ruwa: Zabuwa a Tukunya, Aguwa a Shinge



Mai girma shugaban wannan taro, mai girma Hakimi, iyayenmu dagatai da masu unguwanni, malamanmu masu daraja, shugabannin wannan ƙungiya da 'ya'yanta na gida da waɗanda suka taso takanas daga Kano da Dutse da Kaduna da Abuja, iyayenmu mata, da ɗalibai manyan gobe, ina yi wa kowa barka da zuwa, da fatan an zo lafiya. Ina kuma godiya ga kwamitin shirya taro da ya ga dacewar a ba ni wannan dama in ce wani abu a kan muhallinmu.

Batun muhalli kogi ne, ba a ƙure shi a zama ɗaya. Don haka na ɗebi ɗan abin da cokalina zai iya ɗauka, wato wasu tsirrai da Allah ya hore musu jure fari, waɗanda ake iya renonsu a tukunya a tsakar gida, ko a kafa su a matsayin shinge a gona da makaranta. Mai yiwuwa wani ya ce a ransa, ana fama da tsadar taki da hatsi, malam ya zo mana da zancen fulawa. Ina roƙon mai wannan tunani ya ba ni aron kunnensa na ɗan lokaci, domin zancen ya shafi iyakar gonarsa, da makarantar ɗansa, da lafiyar iyalinsa.

Halin da ƙasarmu take ciki

Garinmu sunan bishiya gare shi, jiharmu kuma sunan ƙasa mai rairayi. Waɗannan sunaye biyu sun isa su tuna mana inda muke zaune. Tun daga Ajaura zuwa Kwalam, daga Maje zuwa Gujungu, in ka ɗauke fadamun da ke bin Kogin Haɗeja, yawancin ƙasarmu jigawa ce, wadda in an yi ruwa da hantsi, kafin la'asar ta shanye shi kamar ba a yi ba. Ruwan da muke samu a shekara galibi tsakanin milimita 600 ne zuwa 800, kuma kusan dukkansa yana sauka ne daga Yuni zuwa Satumba. Sauran wata takwas ɗin sai hunturu da ƙura, sai kuma bazara wadda zafinta kan haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu.

Dattawan da ke zaune a nan ba su manta da farin 1973 ba, haka kuma na 1984, lokacin da rijiyoyi suka ƙafe, dabbobi suka ƙare, mutane suka bar garuruwansu. Tun daga wancan zamani hukumomi suke ta kamfen ɗin dashen itatuwa. A shekarar 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin nan na kafa katangar itatuwa daga yammacin nahiyar zuwa gabashinta, a 2015 kuma Nijeriya ta kafa hukuma ta musamman domin shirin, kuma Jigawa na cikin jihohi 11 da aka ware a matsayin na bakin daga. Duk wannan abin a yaba ne.

To amma mu da muka yi aikin koyarwa mun san yadda labarin dashe yake ƙarewa a mafi yawan makarantu. A cikin watan Agusta ake kawo tsirrai a leda, a tara yara, a yi jawabi, a dasa, a tafa. Tsiron bai samu ruwan sama na fiye da mako shida ba damina ta ɗauke. Yara su yi ta ɗawainiyar ban ruwa da bokiti har zuwa hutun da yake faɗowa a tsakiyar bazara. Kafin a dawo daga wannan hutu, abin da rana ta rage awaki sun ƙarasa. Shekara ta zagayo a sake haƙa rami a gurbin na bara. Dalilan mutuwar nan biyu ne tak, wato ƙishirwa da bakin dabba. Tsirran da zan yi magana a kansu sun fi ƙarfin duka biyun, shi ya sa nake ganin da su ya kamata mu fara.

Mene ne tsiro mai rumbun ruwa?

Hausawa na cewa da ruwan ciki ake jan na rijiya. Akwai tsirran da suka riga mu sanin wannan. Kamar yadda magidanci yake cika rumbu da kaka don ya ci da rani, haka su ma suke tara ruwa a jikinsu lokacin da yake samuwa, su riƙa tsakura a hankali lokacin da babu. Wasu a ganye suke ajiyar, shi ya sa ganyensu yake da kauri da nauyi, kamar zabuwa. Wasu a kara da rassa, kamar aguwa da ƙerana da tinya. Wasu kuma a gindi, kamar ƙarya. Kuka ma, duk da girmanta, wannan dabara take yi a cikin kututturenta.

Tara ruwa kaɗai ba ya isa, sai an iya tattalinsa. Kowane ganye yana da wasu 'yan ƙofofi da ido ba ya gani, ta nan yake shaƙar iskar da yake haɗa abincinsa da ita, ta nan kuma ruwan jikinsa yake tsiyayewa. Gero da dawa da rana suke buɗe nasu ƙofofin, shi ya sa muke ganin sun yi yaushi in rana ta take. Ita kuwa zabuwa da rana rufe nata take yi ruf, sai dare ya yi, gari ya yi sanyi, sannan ta buɗe ta shaƙi iskar, ta adana ta a jikinta, gari ya waye ta yi amfani da ita a cikin hasken rana. Abarba ma haka take yi. Bayan wannan, fatar ganyen tana da wani shafi kamar kakin zuma wanda yake hana ruwa fita. Aguwa tata hanyar daban ce: rani na shigowa sai ta kakkaɓe ganyenta gaba ɗaya, ta tsaya tsirara kamar ta mutu, alhali ruwa na nan a cikin rassanta, ana yin yayyafin farko sai ka ga ta yi tofo.

Ya kamata a riƙe wannan bayani da kyau, domin daga cikinsa dukkan ƙa'idojin reno suka fito. Tsiron da yake ɗauke da guzurin ruwansa ba ya tsoron fari. Abin da yake kashe shi shi ne ruwan da ya kwanta a gindinsa.

Zabuwa

Wani likita Bature mai suna J. M. Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewa a farkon zamanin Turawa, ya tattara sunayen tsirranmu ya buga su a littafi a shekarar 1916, sannan ya fitar da wani babba a 1937 a kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma. A cikin sunayen da ya samu a bakin kakanninmu akwai zabo ko zabuwa, da kuma kabar giwa. Duk wanda ya dubi ɗigo-ɗigon fari da ke jikin ganyen ya san inda sunan zabuwa ya samo asali. Wannan shaida ce cewa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, ko da yake yaran yanzu sun fi saninta da sunan alobera, wanda suke gani a jikin kwalin sabulu da man shafawa.

Danginta suna da yawa, sun haura iri 500, mafi yawansu a Afirka da tsibirin Madagaska da yankin Larabawa. Wadda kakanninmu suka sani ta daji ce, takan zubar da ganye da rani ta koma gindi ta jira damina. Wadda ake sayarwa a lambunan fulawa na bakin titi a Kano da Dutse kuwa, ita ce alobera ta ainihi, masana sun ce asalinta daga yankin Larabawa ne, kuma ba ta rabuwa da ganyenta rani da damina. Ita ce ta fi dacewa da tukunya. Larabawa suna kiranta da sunan da ya fito daga tushe ɗaya da kalmar sabr, wato haƙuri, kuma duk wanda ya rene ta zai yarda sunan ya dace da mai shi.

Yadda ake renonta a tukunya

Na farko, mazubi. Babu wanda ya kai tukunyar ƙasa, domin jikinta yana numfashi, yana tsotse rarar ruwa, kuma ba ya ɗaukar zafi kamar roba ko ƙarfe. Ba sai an sayi sabuwa ba. Tsohuwar randa da ta tsage, da tulun da bakinsa ya fashe, da kaskon da aka daina amfani da shi, duk sun wadatar. Wanda bai samu ba ya yanka jarka ko tsohon bokiti. Sharaɗi guda ne ba a sassauta shi: dole a huda gindin mazubin, huda uku ko huɗu masu faɗin ɗan yatsa. Saiwar zabuwa ba ta nutsawa ƙasa sosai, yaɗuwa take yi, don haka mazubi mai faɗi ya fi mai zurfi.

Na biyu, ƙasa. A nan Allah ya hutar da mu, domin abin da mutanen wasu ƙasashe suke saye da kuɗi mu a kansa muke tafiya. A auna kwano biyu na yashi mai tsakuwa-tsakuwa, kwano ɗaya na ƙasar gona, da rabin kwano na takin dabbobi wanda ya shekara ya ruɓe ya zama gari. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kuma gayyato gara. A guji laka da ƙasar fadama, domin riƙe ruwa suke yi. Kafin a zuba ƙasar a ɗora tsingaro a kan hudojin don kada su toshe. In an samu gutsattsarin gawayi a cuɗa a ciki, yana ƙara wa ƙasar sakewa.

Na uku, iri. Ba a wahalar neman ƙwayar zabuwa, domin uwar takan fito da 'ya'ya a gindinta. A bari ɗan ya kai tsawon taƙi ɗaya, yana da ganye huɗu ko biyar, sannan a tone a hankali a raba shi da uwar da wuƙa mai tsabta, tare da 'yar saiwarsa. Kada a dasa nan take. A ajiye shi a inuwa kwana biyu ko uku har bakin yankan ya bushe, domin ɗanyen rauni in ya haɗu da jiƙaƙƙiyar ƙasa ruɓewa yake yi. Wajen dashen, saiwa kaɗai ake binnewa, kada ƙasa ta hau kan ganye ko ta shiga tsakiyar tsiron. Bayan an dasa a yi haƙuri mako guda kafin a ba shi ruwan farko. Mutane da yawa sukan yanki ganye su soka a ƙasa suna jiran ya tsiro. Wannan yawanci asara ce, ganyen narkewa yake yi.

Na huɗu, ban ruwa, kuma a nan ne aka fi yin ɓarna. Iyayenmu mata masu tausayi ne, sai su riƙa zuba mata ruwa safe da yamma kamar alayyafo, kafin wata guda gindin ya yi baƙi ya ruɓe. Ƙa'idar ita ce a soka ɗan yatsa cikin ƙasar har gaɓa biyu. In an ji danshi a ƙyale ta. In an ji ta bushe ƙarau, a zuba ruwa sosai har ya fito ta hudojin ƙasa, sannan a manta da ita. Da bazara sau ɗaya a mako ya isa. Da hunturu sau ɗaya a mako biyu ko uku. Da damina ba ta bukatar ko ɗigo daga hannunmu, sai ma a janye tukunyar daga ƙarƙashin indararo, a ɗora ta a kan bulo ko duwatsu, in an shiga marka a shigar da ita inda rufi ya kare ta. Ruwan alwala da aka tara a kasko ya ishe ta, amma ban da ruwan wanki mai omo ko ruwan wanke-wanke mai gishiri da maiƙo.

Na biyar, rana. Tana son haske, amma ranar bazara ta ƙasarmu takan yi mata yawa in tana cikin tukunya. Wurin da ya fi mata shi ne inda za ta sha hantsi, inuwa ta rufe ta daga azahar, kamar gefen katanga ta gabas. Ita da kanta tana faɗin halin da take ciki ga mai lura. In ganyen ya koma ja-ja ko ruwan ƙasa, rana ta yi yawa. In ya yi siriri ya lanƙwashe ciki, ƙishirwa ce. In ya yi laushi ya yi ruwa-ruwa daga gindi, ruwa ya yi yawa, sai a tumɓuke ta, a yanke ruɓaɓɓen wurin, a shanya ta a inuwa, a sake dasawa a busasshiyar ƙasa. In kuwa ya yi tsawo ya yi fari-fari yana faɗuwa, duhu ya yi mata yawa. Wani lokaci akan ga wasu fararen ƙwari kamar auduga a maƙale a tsakanin ganye, sai a goge su da tsumma da ɗan ruwan sabulu. Bayan shekara biyu, in 'ya'ya sun cika tukunya, a juye a raba, a ba maƙwabta.

Zuma da zaƙi da harbi

In an yanka ganyen zabuwa abu biyu ake samu, kuma wajibi ne a bambance su. Akwai farar tsoka mai yauƙi a tsakiya, wadda kusan dukkanta ruwa ce. Akwai kuma wani ruwa rawaya mai ɗaci da yake tsatsowa daga ƙarƙashin fata. Farar tsokar ita ake shafawa a ƙaramar ƙuna, da bushewar fata da kaushin hunturu, kuma ita kamfanoni suke sa wa a sabulu da man shafawa. Mai son amfani da ita ya yanki ganyen ƙasa wanda ya ƙosa, daga tsiron da ya kai shekara biyu, kada ya wuce ganye biyu ko uku a lokaci guda. Ya jingine ganyen a tsaye na kamar minti 15 har ruwan rawayan ya tsiyaye, ya wanke, ya feɗe, sannan ya fara gwadawa a ɗan wuri a hannunsa, domin akwai masu jikin da ba ya karɓarta.

Ruwan rawayan nan kuwa maganin wankin ciki ne mai ƙarfin gaske, yana sa murɗa da zawo mai tsanani. A shekarar 2002 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta hana sa shi a cikin magungunan wankin ciki da ake sayarwa ba tare da takardar likita ba. Saboda haka ina kira da babbar murya ga iyayenmu mata: mai juna biyu, da mai shayarwa, da ƙaramin yaro, da mai ciwon ƙoda, kada a ba su shi ko kaɗan. Mai ciwon sukari da yake shan maganin asibiti kada ya haɗa da ita sai ya tambayi likita. Masu lasifika a kasuwa suna cewa tana maganin cuta arba'in, to ku sani mai talla ba ya kushe hajarsa. Haka nan in ƙuna ta samu yaro, abin farko shi ne a riƙa kwarara ruwa mai sanyi mai tsabta a wurin har kamar minti 20. In ƙunar babba ce, ko ta tashi, ko a fuska take, asibiti za a nufa, ba gindin tukunya ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Aguwa, katangar talaka

Yanzu bari mu fita daga tsakar gida mu nufi gona. Waɗanda suka kai shekaruna sun taso sun ga burtali da layin aguwa dama da hagu, shanu suna wucewa ta tsakiya ba su taɓa amfanin kowa ba. Sun ga gonaki da garake da maƙabartu kewaye da ita. Kakanninmu ba don ado suka kafa ta ba. Dabba ba ta cika kusantarta ba saboda farin ruwan da ke jikinta, ba ta bukatar ban ruwa, tana karya ƙarfin iska, tana tare rairayin da iska ke kwasowa, kuma ba a sace ta a kai kasuwa kamar waya ko turken ƙarfe. A Jamhuriyar Nijar har yau ana kafa rassanta a kan tuddan yashi don a hana su tafiya su binne gonaki.

Abu mafi muhimmanci shi ne aguwa shaida ce da ba ta karɓar toshiya. Dutsen iyaka ana iya gusar da shi cikin dare, kunya ana iya cinye ta da garma kaɗan-kaɗan, amma layin aguwar da ya shekara ashirin kowa a gari ya san inda yake. Iyayenmu dagatai da ke zaune a nan sun fi ni sanin yawan ƙarar iyakar gona da ta cin burtali da ke zuwa gabansu kowace damina, da yadda ƙaramar magana takan raba zumuncin da aka gada, wani lokaci har ta kai ga zubar da jini tsakanin manomi da makiyayi. Da yawa daga cikin waɗannan rigingimu sun faro ne daga ranar da aka tumɓuke shingen da kakanni suka kafa don a ƙara kunya biyu.

Kafa ta ba wuya. A ƙarshen rani, kamar mako uku ko huɗu kafin faɗuwar damina, a sari rassan da suka ƙosa masu tsawon kamu ɗaya zuwa biyu. A zube su a inuwa 'yan kwanaki har bakin saran ya bushe. A ja ɗan rami mai zurfin taƙi ɗaya, a jera su kusa da kusa, tazarar da ba ta wuce taƙi ɗaya ba, a mayar da ƙasa a take. Ba a ba su ruwa. Damina na sauka za su yi saiwa, cikin shekara biyu zuwa uku shinge ya haɗe, sai dai a riƙa rage masa tsawo ana cike giɓi da abin da aka sare. Amma a lura, shukar tudu ce. A fadama da duk inda ruwa ke kwanciya ruɓewa take yi, kuma ambaliyar 2022 da ta yi wa jihar nan mummunar ɓarna ta nuna mana wuraren da ruwa yake bi in ya tashi.

Ita ma tana da nata harbin. Farin ruwanta in ya shiga ido yana yin mummunan lahani, na tinya da ƙerana kuwa sun fi nata zafi nesa ba kusa ba. Mai saran aguwa ya juya wa iska baya, kada ya sosa ido, ya wanke hannu da sabulu in ya gama. In tsautsayi ya sa ya fantsama a ido, a yi ta wankewa da ruwa mai yawa ba ƙaƙƙautawa, sannan a garzaya asibiti. Wannan aiki na manya ne, ba a sa ƙananan yara.

Kada wani ya fahimce ni da cewa aguwa za ta maye gurbin bishiya. Ba ta ba da inuwa, ba ta ba da 'ya'ya. Aikinta shi ne gadi. In aka kewaye fili da ita bana, baɗi ko baɗin baɗaɗa sai a dasa darbejiya da mangwaro da kuka da tsamiya da ita kanta taura a ciki, su tashi cikin aminci. Mun daɗe muna sayen doki kafin mu kafa turke.

Sauran 'yan uwansu

Akwai ƙarya, mai kumburarren gindi da fure ja mai haske, wadda takan yi furenta a tsakiyar rani lokacin da komai ya bushe. Sunanta yana tuna mana karin maganar nan da ke cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, ko da yake ita takan yi 'ya'yan jefi-jefi. A ƙasashe irin su Tailan an mayar da renonta sana'a, ana fitar da launi iri-iri ana sayar wa duniya, alhali a dajin Afirka da na Larabawa Allah ya halicce ta. Tana kyau ƙwarai a tukunya a ƙofar gida ko ofis, sai dai ruwan jikinta dafi ne, a nisanta ta daga yara da dabbobi. Akwai moda, mai ganye a tsaye kamar takobi, wadda magabata suke samun zare daga gare ta, ita kuma tana jure inuwa, don haka ta dace da zaure da baranda. Akwai kuma karan masallaci, wanda masana suka laƙaba wa sunan likitan nan Dalziel a cikin sunansa na kimiyya. Dukkansu ƙa'idar renonsu ɗaya ce da ta zabuwa: yashi, huda, da ƙarancin ruwa.

Shawarwari ga ƙungiya

Ya shugaba, jawabin da bai haifi aiki ba hira ce. Don haka ina gabatar da shawarwari biyar.

Ta farko, ƙungiya ta zaɓi makarantar firamare guda a kowace mazaɓa daga cikin mazaɓu goma na wannan ƙaramar hukuma, a kewaye ta da aguwa ta hanyar aikin gayya kafin damina mai zuwa, da izinin hukumar ilimi da haɗin kan iyayen yara. Wannan zai kare filin makaranta daga masu cin iyaka, ya kuma share fagen dashen itatuwa.

Ta biyu, kowane aji ya mallaki tukunyar zabuwa biyu ko uku a ƙarƙashin kulawar malamin kimiyya. Yaron da ya raba ɗa da uwa, ya shanya, ya dasa, ya ga ya kama, ya koyi darasin da allo ba zai koya masa ba. Kuma tukwanen za su tsallake hutu ba tare da kowa ya zo ban ruwa ba.

Ta uku, muna roƙon iyayen ƙasa su jagoranci zama tsakanin manoma da makiyaya a sake fitar da burtalan da aka sani, a kafa musu aguwa a gaban shaidu.

Ta huɗu, reshen mata na ƙungiya ya kafa ɗan wurin renon iri. Uwa ɗaya takan ba da 'ya'ya da dama a shekara, maginan tukwane kuma suna nan a cikinmu, ga kasuwar Gujungu a kusa. Ba na yi wa kowa alkawarin arziki, domin sayar wa kamfani sai da babbar gona da injin sarrafawa, tun da tsokar ba ta jimawa take lalacewa bayan an yanka. Amma kuɗin cefane da na littafin yara ba abin rainawa ba ne.

Ta biyar, 'ya'yanmu ma'aikatan lafiya su riƙa shiga taron mata da na iyayen yara suna bayyana abin da ake shafawa da abin da ba a sha, domin kada alheri ya zama sanadin kuka.

Kammalawa

Jama'a, akwai ayyukan da sai gwamnati, kamar titi da asibiti da wutar lantarki, kuma za mu ci gaba da neman haƙƙinmu a kansu. Wannan kuwa ba ya bukatar kwangila ko takardar neman taimako. Fasasshiyar tukunya, da kwano biyu na yashi, da adda, da yinin Asabar guda, su ne jarin. 'Yan uwanmu mazauna birni da suke gina gidaje a gida, ina roƙonku ku bar ɗan wurin da siminti bai rufe ba. Matasa kuma ku tambayi dattawanku inda tsofaffin shingaye suka bi tun suna raye, domin ranar da suka kau, da saninsu za su tafi. Ina fata in Allah ya kai mu taron baɗi, sakatare zai tashi ya karanta mana sunayen makarantun da aka kewaye da tsawon burtalin da aka farfaɗo da shi.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya jiƙan magabatanmu, ya mai da kowa gidansa lafiya.